Kwatanta Zube-zuben Igiyar Rediyo Domin Sadarwar Wayar Salula ta Gaba: Nazari Daga Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta fitattun zube-zuben igiyar rediyo da masana suka gabatar domin ɗaukar saƙo a tsarin sadarwa na 5G da wanda zai biyo bayansa. An bi ƙa'idojin da hukumomin sadarwa na duniya suka fitar, sannan aka yi lissafi a kan yanayi huɗu na kwarin Rima: unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi, da fadamar shinkafa, da hanyar mota zuwa Argungu, da filin bikin kamun kifi na Matan Fada. Nazarin ya gano cewa babu zubi guda da ya fi sauran ta kowace fuska. Sai dai a wannan yanki, abin da ya fi ƙaranci shi ne ƙarfin da waya ke iya aika saƙo da shi zuwa turken sadarwa, don haka zubin da ke tattalin wannan ƙarfi ya fi cancantar kulawa.

Fitilun Kalmomi: zubin igiya, wayar salula, 5G, kwarin Rima, Argungu

1.0 Gabatarwa

A watan Agustan 2001 ne wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, bayan gwanjon lasisi da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta gudanar a watan Janairun shekarar. Shekara ashirin bayan haka, a Disambar 2021, hukumar ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin 5G. Kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kowannensu ya biya dala miliyan 273.6 a kan faɗin megahaz 100. A 2022 MTN ya ƙaddamar da 5G a birane bakwai: Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri da Maiduguri. Airtel ya bi sahu a 2023.

Babu garin jihar Kebbi a wancan jerin farko, alhali buƙatar sadarwa a jihar ba ƙarama ba ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwambar 2015, kuma tun daga lokacin harkar noma da ta kuɗi suka ƙara dogara da waya. Tsarin yaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin gudun megabit 25 cikin daƙiƙa a birane da megabit 10 a karkara. Cikar irin wannan buri ga manomin da ke tsakiyar fadama ta rataya ne a kan abubuwa da yawa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ba a cika tattaunawa ba shi ne zubin igiyar da ke ɗauke da saƙon.

Manufar maƙalar ita ce bayyana waɗannan zube-zube cikin Hausa, da auna su da ma'auni guda, da kuma nuna wanda ya dace da kowane yanayi na yankin.

2.0 Ma'anar Zubin Igiya da Matsalar da Yake Warwarewa

Duk abin da waya ke aikawa, murya ko hoto ko rubutu, ana mayar da shi jerin lambobi ne. Ana ɗora waɗannan lambobi a kan igiyar rediyo ta hanyar sauya girmanta da matakin kaɗawarta. Kowane ɗan guntun igiya da ke ɗauke da wasu lambobi shi ake nufi da alama a wannan maƙala. Zubin igiya kuwa shi ne tsarin da ake bi wajen jera alamomin a cikin lokaci da cikin faɗin zangon da aka mallaka.

Babbar matsalar da zubi ke fuskanta ita ce amsa-kuwwa. Igiyar da ta bar turke ba hanya ɗaya take bi zuwa waya ba. Wata ta miƙe, wata ta bugi bango ko rufin kwano ko fuskar ruwa kafin ta iso. Igiya na cin mita 300 a cikin maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ke nan, wadda ta yi zagayen ƙarin mita 300 za ta makara da maikurosakan ɗaya. Idan aka aika alamomi ɗaya bayan ɗaya a kan igiya guda mai faɗin megahaz 100, kowace alama ba za ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na maikurosakan ba. Saboda haka kuwwar alama guda za ta faɗo a kan alama ta ɗari da ke bayanta, saƙo ya cakuɗe.

Maganin da aka samo shi ne raba kayan. Maimakon ɗan dako guda mai tsananin sauri, sai a ɗauki dubban 'yan dako masu tafiya a hankali kafaɗa da kafaɗa, kowanne da ɗan ƙunshinsa. Waɗannan ƙananan igiyoyi su ake kira 'yan dako a nan. Da yake kowace alama ta yi tsawo, makarar kuwwa ba ta wuce ɗan gefenta ba.

3.0 Ma'aunan Kwatanci

An yi amfani da ma'auni biyar.

Na farko shi ne tattalin zango, wato kason zangon da ke ɗauke da saƙo na haƙiƙa. Bisa farashin gwanjon 2021, kowane megahaz guda ya tashi a kan fiye da dala miliyan 2.7, don haka barin zango a banza asara ce mai tsada.

Na biyu shi ne malala. Igiya ba ta tsayawa cak a iyakar zangonta, takan yi yoyo zuwa na maƙwabci, kamar yadda ruwan wani fangali ke tsallake kunya ya shiga na kusa. Gwargwadon yawan malala, gwargwadon filin da za a bari fayau a tsakani.

Na uku shi ne tsinin ƙarfi, wato tazarar da ke tsakanin ƙololuwar ƙarfin igiya da matsakaicinsa. Na'urar ƙara ƙarfi da ke cikin waya tana da iyakar da ba ta wucewa. Idan igiya mai yawan tsini ce, dole a rage matsakaicin ƙarfinta domin tsinin ya samu wurin wucewa ba tare da ya gutsire ba. Rage ƙarfi kuwa rage nisan zango ne, kuma ɓarnar batir ce.

Na huɗu shi ne juriya ga motsi. Idan waya tana tafiya, yawan kaɗawar igiyar da take karɓa yakan ɗan goce. Wannan ita ce gocewar Doppler.

Na biyar shi ne sauƙin ƙira, musamman dacewa da tarin eriya, wanda shi ne ginshiƙin gudun 5G.

4.0 Zube-zuben da Aka Kwatanta

4.1 Zubin CP-OFDM

Asalin wannan zubi aikin Robert Chang ne na cibiyar Bell da ke Amurka a 1966. A 1971 Weinstein da Ebert suka nuna yadda za a samar da dukkan 'yan dakon da lissafi guda na Fourier, sannan a 1980 Peled da Ruiz suka ƙara masa goshin kariya. Hikimarsa ita ce ana jera 'yan dakon daf da juna har suna shiga jikin juna, amma a daidai inda ɗaya ya kai ƙololuwa sauran duk sun zama sifiri, don haka ba sa damun juna. Goshin kariya kuwa kwafin wutsiyar alama ne da ake liƙawa a gabanta. Kuwwar alamar da ta gabata a kan goshin take faɗuwa, mai karɓa ya yanke shi ya yar.

A tsarin 4G, tazarar 'yan dako kilohaz 15 ce, tsawon alama maikurosakan 66.7, goshi kuma kimanin 4.7. Wannan goshi na iya shanye kuwwar da ta yi ƙarin zagayen kilomita 1.4, amma yana cin kusan kashi 7 cikin ɗari na lokaci. Tsarin 5G ya ba da zaɓin tazarar kilohaz 15 ko 30 ko 60 ko 120. A zangon gigahaz 3.5 an fi amfani da 30, inda alama ke da maikurosakan 33.3, goshi kuma kimanin 2.3, daidai da zagayen mita 700.

Ƙarfin wannan zubi shi ne sauƙi da dacewa da tarin eriya. Rauninsa biyu ne. Yana da malala, kuma yana da tsini. Duk lokacin da dubban 'yan dako suka yi katarin tashi tare, ƙarfin igiyar kan ninka matsakaicinsa sau goma ko fiye.

4.2 Zubin DFT-s-OFDM

Wannan ɗan'uwan na farko ne. Bambancinsu mataki guda ne: kafin a raba alamomi ga 'yan dako, sai a gauraya su da wani lissafin Fourier, ta yadda kowane ɗan dako zai ɗauki ɗan kaso daga kowace alama. Igiyar da ke fitowa takan yi kama da ta ɗan dako guda, tsininta ya ragu. Shi ne zubin da duk wayar 4G ke aika saƙo da shi zuwa turke tun ƙa'idar 2008. A 5G an bar shi a matsayin zaɓi domin mai wayar da ke bakin iyakar sabis.

Wayar hannu ta yau da kullum ba ta wuce ƙarfin miliwat 200. Ƙa'idar 5G ta yarda waya ta rage wannan ƙarfi gwargwadon tsinin zubin da take amfani da shi. A kan salon ɗora lambobi mai matakai huɗu, ragin da aka yarje wa CP-OFDM ya ɗara na DFT-s-OFDM da desibel 1.5 zuwa 2. Aibinsa shi ne a ƙa'idar farko ta 5G saƙo layi ɗaya kawai yake ɗauka a lokaci guda, alhali CP-OFDM na iya ɗaukar har layi huɗu daga waya mai eriya da yawa.

4.3 Zubin FBMC

Tushensa na komawa ga aikin Chang da na Saltzberg na 1967, amma shirin bincike na PHYDYAS da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2010 shi ya fito da shi fili. A nan kowane ɗan dako yana da matatarsa, wadda ke sassaƙe gefen alama har malala ta kusa gushewa. Ba a buƙatar goshin kariya, ke nan an ceto kashi 7 ɗin nan.

Amma kowace riba da kuɗinta. Matatar tana da tsawon alama huɗu, don haka kowane saƙo na da doguwar shiga da doguwar fita. Idan saƙon gajere ne, misali mai alama 14, ƙarin tsawon alama uku zuwa huɗu ya zarce abin da aka ceto nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, 'yan dakonsa ba su rabu da juna sarai ba. Akwai ragowar katsalandan da ke wahalar da aikin tarin eriya. Tsininsa kuma bai gaza na OFDM ba, sannan da zarar na'urar ƙara ƙarfi ta gutsire tsinin, wani kaso na malalar da aka kora yakan dawo.

4.4 Zube-zuben Tsaka-tsaki: UFMC da f-OFDM da GFDM

Ganin tsadar tace kowane ɗan dako shi kaɗai, sai wasu suka zaɓi tace su rukuni-rukuni. Zubin UFMC, wanda masu bincike na Alcatel-Lucent suka gabatar a 2013, yana tace ƙaramin rukuni da gajeriyar matata, ya sa shigarta da fitarta a gurbin goshin kariya. Ya dace da gajerun saƙonni, amma rashin goshi ya sa bai kai CP-OFDM jure doguwar kuwwa ba. Zubin f-OFDM, wanda kamfanin Huawei ya yi fice wajen tallatawa, ya riƙe goshin, ya ɗora matata guda a kan babban yanki na zango. Shi kuwa GFDM, wanda Gerhard Fettweis da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Dresden a Jamus suka gabatar a 2009, yana tara alamomi da yawa a ƙunshi guda ƙarƙashin goshi ɗaya. Ya rage asarar goshi, amma 'yan dakonsa na damun juna, sai mai karɓa ya yi ƙarin aikin share katsalandan, wanda ke nufin ƙarin cin batir.

4.5 Zubin OTFS

Ronny Hadani da abokan aikinsa ne suka gabatar da shi ga taron masana a 2017. Ba a kan lokaci da zango yake jera alamomi ba, a kan makarar kuwwa da gocewar Doppler yake jera su. Dalili shi ne, ko da waya na gudu, adadin abubuwan da igiya ke buga da nisansu da saurinsu ba sa sauyawa da wuri. Hanyar da ke rikiɗa kowane lokaci a idon OFDM sai ta zama kusan tsayayya a idon OTFS. Kuɗin wannan riba shi ne nauyin lissafi a wajen mai karɓa, da jiran a tara ƙunshi kafin a warware shi.

5.0 Hukuncin da Aka Yanke a 2016

Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin wayar salula na duniya, ta auna yawancin waɗannan zube-zube a 2016. Ta tsayar da CP-OFDM domin saƙon da ke sauka daga turke da wanda ke hawa, ta ƙara DFT-s-OFDM domin hawa. Game da malala, ba ta wajabta wata matata ba. Ta dai gindaya iyakar da ba za a wuce ba, ta bar kowane kamfani ya tace igiyarsa yadda ya ga dama, muddin mai karɓa ba ya buƙatar sanin dabarar.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. A 4G, zango mai faɗin megahaz 20 yana ɗaukar 'yan dako 1,200, wato megahaz 18, kashi 90 cikin ɗari. A 5G, zango mai megahaz 100 yana ɗaukar 'yan dako 3,276 masu tazarar kilohaz 30, wato megahaz 98.28, sama da kashi 98. Da a ce kason 4G aka bi, da mai lasisin 2021 ya bar megahaz 10 fayau, abin da ya haura dala miliyan 27. Ke nan babbar hujjar FBMC, wato ceto filin kan iyaka, an cim ma mafi yawanta ba tare da an sauya zubi ba.

6.0 Ɗora Kwatancin a kan Kwarin Rima

6.1 Unguwar Nasarawa

A unguwa irin Nasarawa gidaje na haɗe da juna, yawancinsu marasa tsawo, masu katangar bulo da rufin kwano. Rufin kwano na mayar da igiya sosai, don haka kuwwa na da yawa. Sai dai gajeriya ce, domin abubuwan da igiyar ke buga ba su da nisa da juna, kuma babu manyan duwatsu ko dogayen benaye da za su dawo da ita daga nesa. Goshin da ke shanye zagayen mita 700 ya wadatar. Abin da ke takura a nan shi ne yawan masu amfani a wuri guda da shigar igiya cikin ɗaki. Maganin yawan jama'a tarin eriya ne, wanda ke karkata igiya zuwa ga kowane mai waya. Wannan ya ba CP-OFDM rinjaye a saƙon sauka. Amma wanda ke can ƙuryar ɗaki, katanga biyu ko uku tsakaninsa da waje, yana cikin halin mai nisa ne ko da turken na bayan gidansu, kuma shi ma zai amfana da DFT-s-OFDM.

6.2 Fadamar Shinkafa

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ƙauyuka a warwatse, turaku nesa da juna. Turke na da wuta da manyan eriya, muryarsa na kaiwa nesa. Wayar manomi kuwa miliwat 200 ne iyakarta. Shi ya sa sau da yawa ake ganin sandunan sabis a fuskar waya amma saƙo ya ƙi tafiya: wayar tana jin turke, turken ne ba ya jin wayar.

A nan ne desibel 2 ke da daraja. Idan aka ɗauka ƙarfin igiya na raguwa da desibel 35 duk lokacin da nisa ya ninka sau goma, kamar yadda aka saba ɗauka a irin wannan lissafi, to ƙarin desibel 2 na tsawaita nisa da kashi 14 cikin ɗari. Da yake fili na ƙaruwa ne da ninkin nisa a kansa, yankin da turke guda ke ji zai ƙaru da kimanin kashi 30. Turken da ke jin waya daga kilomita 7 zai ji ta daga kilomita 8. Wannan kilomita guda na iya zama bambanci tsakanin ƙauyen da ke cikin sabis da wanda mutanensa ke hawa tudu neman sa.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan riba. Tsakanin zangon megahaz 700 da na 3,500 akwai bambancin desibel 14 a sarari fayau, idan eriya iri ɗaya ce. Ke nan zaɓin zango ya fi zaɓin zubi tasiri sau da yawa. Zubi mai kyau ba zai mayar da zangon gigahaz 3.5 na karkara ba. Abin da ya dace da fadama shi ne haɗa biyun: ƙaramin zango da zubi marar tsini. Da yake zangon megahaz 700 na maƙwabtaka da na talabijin, wanda Nijeriya ta fara mayarwa tsarin dijital a Jos a 2016, a nan ne tace malala ke da muhimmanci na gaske.

Akwai kuma batun na'urorin awo. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. Na'urar da aka kafa a bakin gulbi domin auna tashin ruwa ba ta buƙatar gudu. Lambobi kaɗan take aikawa, kuma so ake batirinta ya yi shekaru. Doguwar wutsiyar FBMC asara ce ga irin wannan saƙo. Tsarin NB-IoT da aka fitar a 2016 ya bi hanyar da ta fi dacewa: faɗinsa kilohaz 180 ne kacal, kuma na'ura na iya aikawa a kan ɗan dako guda mai faɗin kilohaz 3.75, inda kusan babu tsini ko kaɗan.

6.3 Hanyar Argungu

Motar da ke gudun kilomita 100 cikin sa'a tana cin mita 27.8 a daƙiƙa. A zangon gigahaz 3.5 tsawon igiya santimita 8.6 ne, don haka gocewar Doppler ba ta wuce haz 324 ba. Wannan kashi ɗaya ne cikin ɗari na tazarar kilohaz 30, kuma OFDM na jure shi ba tare da wahala ba. A zangon megahaz 700 gocewar haz 65 ce kawai. Saboda haka matsalar da OTFS ya zo warwarewa ba ta taso a kan wannan hanya ba. Tana tasowa ne a jirgin ƙasa mai gudun kilomita 500 cikin sa'a, inda gocewar ke haura haz 1,600, da kuma tauraron ɗan'adam na kusa da ƙasa, mai gudun kimanin kilomita 7.5 a daƙiƙa, inda take kaiwa dubun-dubatar haz. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa bai kamata masu bincike na yankin su yi watsi da OTFS ba, domin akwai yiwuwar ta sama sabis zai isa wasu rugage da tsibiran gulbi kafin turke ya isa.

6.4 Matan Fada

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tara dubban mutane a bakin ruwa na 'yan kwanaki. Yanayin ya juya tsarin da aka saba. A ranakun yau da kullum mutane sauke bidiyo suke yi, a ranar biki kuwa kowa ɗorawa yake yi. Wayoyin na kusa da turke, don haka ƙarfi ba shi ne matsala ba, wuri ne ya yi kaɗan. Abin da ake buƙata shi ne turke ya saurari wayoyi da yawa a kan zango guda a lokaci guda, kuma wayar da ke da eriya biyu ta aika layi biyu. CP-OFDM ne ya fi dacewa da wannan, har a saƙon hawa. Ke nan wayar da ta buƙaci DFT-s-OFDM da safe a gona za ta buƙaci CP-OFDM da rana a Matan Fada. Ƙa'idar 3GPP ta 18 ta sauƙaƙa wannan, domin ta ba turke damar sauya wa waya zubi nan take.

7.0 Sakamakon Nazari

Na ɗaya, CP-OFDM bai yi fice da ƙarancin malala ko ƙarancin tsini ba. Ya rinjayi sauran ne da sauƙi da dacewa da tarin eriya, kuma an rage masa malala da tacewa.

Na biyu, ribar da ta rage wa FBMC da GFDM ita ce ceto goshin kariya, kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuma gajerun saƙonni da nauyin lissafi na cinye ta.

Na uku, a fadamar Rima tsinin ƙarfi shi ne ma'aunin da ya fi nauyi, domin saƙon hawa ne ke yanke iyakar sabis.

Na huɗu, gudun ababen hawa na yankin bai kai inda OTFS zai nuna fifiko ba, sai a sadarwar tauraron ɗan'adam.

8.0 Shawarwari

Ya kamata hukuma da kamfanoni su riƙa auna isar sabis a karkara da saƙon hawa, ba da sandunan da ke fuskar waya kawai ba. Haka kuma, a fifita ƙananan zanguna wajen kai sabon tsari ƙauyuka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru suna da damar auna makarar kuwwa da raguwar ƙarfin igiya a unguwanni da fadama, da rani da damina da lokacin hunturu, domin shuka da ruwa da iska duk suna sauya tafiyar igiya. Irin waɗannan alƙaluma su ne za su maye gurbin desibel 35 da aka ɗauka a lissafin da ya gabata. Ga masana harshe kuma, kalmomin da aka gwada a nan, kamar 'yan dako da goshin kariya da tsinin ƙarfi, suna buƙatar tacewa da daidaitawa.

9.0 Kammalawa

A Nuwambar 2023 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da tsarin manufofin sadarwar 2030, wadda ake kira 6G, kuma daga cikin ginshiƙanta akwai haɗa waɗanda ba a haɗa ba. Muhawarar zubi ta sake buɗewa, kuma za a yanke ta ne bisa alƙaluman da aka gabatar a teburin tattaunawa. Wannan maƙala ta nuna cewa amsar ta danganta da inda mai waya yake tsaye. A Nasarawa da Matan Fada wuri ake nema, a fadama kuwa nisa. Idan har ana son manomin da ke kilomita na takwas daga turke ya shiga lissafi, to sai an auna gonarsa, an kai awon inda ake yanke hukunci.